Yadda na karɓo kuɗin da banki ya yi ta zaftare mini, daga kantar banki har kotun gunduma a Kumasi

Tun da labari ya bazu cewa na kai banki ƙara kuma an maido mini da kuɗina, 'yan'uwa daga unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba suke tare ni da tambayoyi iri ɗaya: ta ina na bi, nawa na kashe, kuma ko dole sai da lauya. Amsar da ake bayarwa a tsaitsaye a ƙofar masallaci ba ta wadatarwa, domin al'amarin matakai ne da shi, kuma wanda ya tsallake na farko zai sha wahala a na ƙarshe. Shi ya sa na ga ya fi kyau in zauna in rubuta shi daki-daki. Ni malamin makaranta ne, kuma abin da zan faɗa shi ne abin da na gani da idona da abin da na karanta a takardun hukuma. Ba zan kama sunan bankin ba, ko na wani ma'aikacinsa, tun da mun rabu da sulhu kuma sun cika abin da suka sa wa hannu.

A shekarar 2016 na buɗe asusun ajiya da niyyar tara wa mahaifiyata kuɗin kujerar Makka. Duk ƙarshen wata nakan ɗebi abin da ya sawwaƙa daga albashi in zuba, wani lokaci kuma lalura ta taso in je kantar banki in ciri kaɗan. Saƙon tes yana shigowa idan na zuba ko na cira, amma ba ya shigowa a kan ƙananan kuɗaɗen da banki ke ɗauka da kansa, don haka shekaru suka wuce ban lura da komai ba. A tsakiyar 2024 ne ɗan yayata, wanda ke aikin lissafin kuɗi a wani kamfani, ya duba mini asusun a waya domin mu ga saura nawa a cike kujerar. Ya daɗe yana kallon allon wayar, sannan ya ce, "Kawu, wannan sidi 20 da ake cire maka kowane wata ai an hana cire shi tun 2021." Ya ƙara gangarawa ƙasa, sai ga wani sidi 10 da ake yanka duk lokacin da na ciri kuɗi kaɗan a kanta maimakon in yi amfani da katin ATM. Abin dai kamar ɓera a rumbu, ba ya ɗaukar dami, amma ranar awo sai a ga giɓi.

Abin da yaron yake nufi shi ne sanarwar da Babban Bankin Ghana ya fitar a watan Yuni na 2021, wadda ta soke wasu kuɗaɗe da wasu ɗabi'u da ya ce babu adalci a cikinsu. Daga ciki akwai kuɗin kula da asusu a kan asusun ajiya, da tarar da ake ɗora wa mutum don ya ciri kuɗinsa a kanta, da ɗora kuɗin ruwa a kan tarar da aka riga aka ci mai bashi, da kuma faɗa wa mai neman rance ruwan wata ɗaya kawai a ɓoye masa na shekara. Biyu na farko su ne suka shafe ni. Sanarwar tana shafin Babban Banki a intanet, gajeriya ce, kuma ita ce takarda ta farko da na buga na sa a cikin fayil.

Mataki na farko shi ne samun cikakken bayanin asusu, wanda ma'aikatan banki ke kira sitatimen. Na je reshenmu da ke Adum da katin shaidar ɗan ƙasa, Ghana Card, domin tun ranar 1 ga Yuli 2022 shi kaɗai bankuna ke karɓa a matsayin shaida. Na nemi a buga mini tun daga farkon 2021, kuma na roƙa a buga hatimin banki a kowane shafi tare da sa hannu, saboda takardar da babu hatimi ana iya musunta ta daga baya. An caje ni kuɗin bugawa shafi-shafi, na biya na karɓi rasit, ko da yake akwai ban haushi a ce mutum ya sake biyan kuɗi kafin ya ga yadda aka ci nasa. A gida na shimfiɗa takardun a tabarma da jan biro, ina bin su layi-layi. A nan akwai wurin da ya kamata a yi hattara. Ba duk abin da aka cire ba ne haram a doka. Harajin e-levy, wato na tura kuɗi ta waya ko intanet, misali, na gwamnati ne, an fara shi a watan Mayu na 2022 a kan kashi 1.5 cikin ɗari, aka rage shi zuwa kashi 1 a Janairun 2023, aka soke shi a Afrilun 2025, kuma banki karɓa kawai yake yi ya miƙa. Kuɗin saƙon tes da na katin ATM su ma na amince da su da hannuna, don haka na bar su. Na ƙidaya abin da sanarwar ta hana kaɗai, kuma daga Yulin 2021 zuwa gaba kaɗai. Kuɗin kula da asusu ya tashi sidi 740, na kanta sidi 190, jimla sidi 930.

Daga nan na rubuta wa bankin takardar koke, shafi ɗaya: lambar asusu, abin da aka cire da ranakunsa a jere, sanarwar da ta hana, da abin da nake nema, wato a maido kuɗin kuma a daina cirewa. Na yi kwafi biyu, na miƙa ɗaya, na sa aka buga mini tambarin karɓa mai kwanan wata a ɗayan, na kuma tsaya sai da aka ba ni lambar koke. Ƙa'idojin sauraron koken masu hulɗa da bankuna da Babban Banki ya fitar a 2017 sun ba banki kwana 20 na aiki ya warware koke, kuma yana iya ƙara kwana 10 idan al'amarin ya buƙaci haka. Wa'adin ya cika babu amsa a rubuce. Da na koma, manajan ya karɓe ni da fara'a, ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ya ce, "Malam, a yi haƙuri, na'ura ce ke cirewa, kuma maganar tana hedikwata a Akra." Na gode masa, na tambaye shi ko zai rubuta mini hakan a takarda, sai ya ce ba shi da izini. Ban ga laifinsa ba, domin a fili yake cewa ba a ofishinsa ake yanke irin wannan hukunci ba, amma kyakkyawar tarba ba ta shiga fayil.

Mataki na biyu shi ne Babban Banki kansa, wanda ke da ofishi na musamman mai lura da yadda bankuna ke mu'amala da jama'a. Ana iya aika koke ta imel ko a kai takarda da hannu, kuma ba a biyan ko pesuwa. Na haɗa kwafin komai: koken farko mai tambari, sitatimen, sanarwar, da kwafin katina. Bayan 'yan makonni aka kira ni a waya, aka yi mini tambayoyi cikin ladabi, aka kuma shaida mini cewa an rubuta wa bankin. Ba a jima ba sidi 190 na kanta ya dawo asusuna. A kan sidi 740 kuwa bankin ya kawo hujjar da ban zata ba. Ya ce asusuna ya daina zama na ajiya tun 2019, wai na cike fom na mayar da shi asusun yau da kullum, irin wanda ake ba da littafin cak a kansa, kuma sanarwar ba ta hana kuɗin kula da irin wannan asusu ba. Ni kuwa ban taɓa riƙe littafin cak ba a rayuwata. Da aka nemi fom ɗin, sai aka ce yana ma'ajiyar tsofaffin takardu ana nema. Magana ta koma ta wa ya sa hannu a me, kuma na ga cewa irin wannan gardama kotu ce wurinta. Jami'in da muke magana da shi ya tunatar da ni cewa ina da 'yancin zuwa kotu idan ban gamsu ba, amma da zarar magana ta shiga gaban alƙali su za su janye hannunsu.

A wannan gaɓa ce na fi daɗewa ina shawara. Mahaifiyata ta ce in bar su da Allah, kada kuɗin Makka ya haɗu da shari'a. Wani dattijo a unguwarmu ya ce, "Malam, kai da banki? Ai su da lauyoyi suke kwana." Maganarsu tana da nauyi a wurina, kuma gaskiya ne cewa sidi 740 ba zai sayi tikitin jirgi ba. Abin da ya hana ni haƙura shi ne sun ce na sa hannu a takardar da ban taɓa gani ba, kuma in na yi shiru na amince ke nan. Akwai kuma wata tambaya da na kai wa limaminmu. Dokar Ghana ta ba kotu damar ɗora kuɗin ruwa a kan kuɗin da aka riƙe wa mutum, gwargwadon ruwan banki na lokacin, kuma kusan duk mai shigar da irin wannan ƙara yana nemansa. Liman ya ce in nemi ainihin kuɗina da abin da na kashe wajen nemansa, in bar ƙarin. Haka na yi. Wannan zaɓina ne, wani yana iya bin wata fatawar, amma ya kamata mutum ya yanke shawara kafin ya isa teburin rajista, domin za a tambaye shi a can.

Ƙaramar ƙara irin tawa kotun gunduma ake kai ta, gaban majistare. Tun 2020 aka ɗaga hurumin wannan kotu a ƙarar kuɗi zuwa sidi 500,000, don haka kusan duk rikicin talaka da banki a can zai tsaya. A watan Agusta na 2024 kuma Babbar Alƙaliyar ƙasa ta lokacin, Gertrude Torkornoo, ta ƙaddamar da kotuna 12 na ƙananan ƙararraki da karɓo bashi a yankin Akra da yankin Ashanti, masu zama da rana da kuma ranar Asabar, domin rage cunkoso. Yana da kyau mutum ya tambaya a rajista ko ƙararsa za ta iya shiga irin wannan zama, musamman mai aikin safe. A rajistar kotun aka ba ni fom ɗin sammaci. Ana rubuta sunan mai ƙara da adireshinsa, da sunan wanda ake ƙara, da abin da ake nema a taƙaice. Magatakardan ya ja hankalina a kan abu guda tun kafin in ɗora biro: banki kamfani ne, shi ake ƙara da cikakken sunansa na rajista kamar yadda yake a saman takardunsa, ba manaja ba, ba reshe ba. A bakin harabar akwai masu buga takardu da kwamfuta, ɗayansu ya buga mini bayanin ƙarar a sakin layi huɗu. Sai aka ƙiyasta mini kuɗin shigarwa, wanda ya danganta da yawan abin da ake nema, tare da kuɗin kai sammaci. Ba a hannun magatakarda ake biya ba, ana ba mutum takarda ya kai teburin karɓar kuɗi ya dawo da rasit. Duk wanda ya ce a ba shi a hannu zai gaggauta aiki, a ce masa an gode.

Ma'aikacin kotu mai kai sammaci shi ne wanda ya kamata a riƙa bibiya, domin in babu shaidar cewa sammaci ya isa hannun wanda ake ƙara, majistare ba zai saurari komai ba. Na karɓi lambar wayarsa, kuma kafin ranar zama na leƙa rajista na tabbatar cewa takardar shaidar kaiwa tana cikin fayil.

Ranar zaman farko na nemi izini a makaranta, na isa tun kafin a buɗe ƙofa. Ɗakin ƙarami ne, bencina sun cika, fanka ɗaya ce ke juyawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawancin ƙararrakin da aka kira kafin tawa na masu ba da rance ne suna bin 'yan kasuwa bashi. Wata mai sayar da kifi ta tsaya tana murza bakin zaninta tana roƙon a ba ta wata uku ta biya. Da aka kira sunana a matsayin mai ƙara, aka kira sunan banki a matsayin wanda ake ƙara, sai da wasu suka waiwayo. Ana yin shari'a da Turanci, da yawa kuma da harshen Twi, amma wanda ya fi sakewa da Hausa yana da damar neman tafinta, kuma ya fi kyau ya faɗa a rajista tun da wuri. Wani matashin lauya ne ya tsaya wa bankin. Aka karanta ƙarar, aka tambaye shi ko sun amince da alhakin kuɗin, ya ce ba su amince ba, ya nemi lokaci domin su kawo takardunsu. Majistare ta ɗage zama. Duk abin bai fi 'yan mintoci ba, bayan jiran da ya cinye safiya gaba ɗaya. Zama na gaba ma ɗagewa aka yi, saboda lauyan yana wata kotu. Na dawo gida a motar haya ina lissafin darussan da ɗalibaina suka rasa, kuma a ranar maganar dattijon nan ta dawo mini sosai.

A zaman da ya biyo baya ne majistare ta tambayi lauyan kai tsaye ko fom ɗin 2019 yana hannunsa. Ya ce ana ci gaba da nema. Ta duba fayil, ta dube mu, ta ce kuɗin bai kai a ɓata watanni ana kiran shaidu ba, ta tambaye mu ko za mu yarda a tura mu sulhu. Kotunan Ghana suna da wannan tsari tun 2005: akwai horarrun masu shiga tsakani da ke aiki tare da kotu, abin da aka faɗa a ɗakin sulhu sirri ne, in an daidaita a rubuta a sa hannu, in ba a daidaita ba fayil ya koma gaban alƙali kamar ba a yi ba. Muka yarda.

Ɗakin sulhun ɗan ofis ne mai tebur ɗaya. Mai shiga tsakanin wata dattijuwa ce mai tabarau, ta ce kowa ya yi magana ba tare da an katse shi ba. A wannan karon bankin ya turo wata jami'a daga sashen koke tare da lauyan. Da aka zo kaina, na buɗe sitatimen ɗin na nuna musu wasu layuka da na ja wa layi da koren biro. Duk bayan 'yan watanni bankin yana zuba mini 'yan pesuwoyi da sunan ruwan ajiya, kuma bai daina ba a 2019, ya ci gaba har shafin ƙarshe. Kuɗi ne da ban taɓa so ba, nakan ƙiyasta shi in fitar in bai wa mabukata don kada ya gauraya da kuɗin aikin hajji. Na ce, in asusun ya daina zama na ajiya, a kan me ake biyana ruwan ajiya? Jami'ar ta jawo takardar gabanta, ta bi layukan da yatsa, ta juya shafi, ta sake juyawa, sannan ta ce a ba ta izini ta fita ta buga waya. Da ta dawo ta ce za su maido kuɗin, amma a rubuta cewa ba su amsa laifi ba. Na ce wannan bai dame ni ba, muddin za a rubuta cewa asusun na ajiya ne kuma an daina cirewa. Muka ɗan ja a kan kuɗin da na kashe. Sun amince da duk abin da yake da rasit, wato kuɗin shigar da ƙara da na sammaci da na buga sitatimen, suka ƙi kuɗin mota da ranakun aikin da na rasa, ni ma ban matsa ba.

Muka sa hannu, aka mayar da yarjejeniyar gaban majistare, ta karanta ta tambaye mu ko da yardarmu aka yi, sannan ta mayar da ita hukuncin kotu. Wannan matakin yana da muhimmanci, domin daga nan in banki ya ƙi biya, ana iya tilasta masa kamar kowane hukunci. Bai kai ga haka ba. Kuɗin ya shigo cikin wa'adin da aka rubuta, kuma wata mai zuwa na duba ban ga sidi 20 ɗin ba. Daga takardar koken farko zuwa ranar da kuɗin ya shigo an doshi shekara guda. In aka cire kuɗin mota da na kwafin takardu, abin da ya rage mini riba bai taka kara ya karya ba, kuma duk wanda zai bi wannan hanya ya san haka tun daga farko.

Da zan ba wani shawara, zan ce ya fara duba ko kuɗin da ake cire masa yana cikin abin da aka hana, ko kuwa abin da bai taɓa amincewa da shi ba ne, domin jin haushin tsadar banki kaɗai ba hujja ba ce a kotu. Ya bi matakan a jere, banki, sannan Babban Banki, sannan kotu, saboda mataki na biyu kyauta ne kuma mai yiwuwa maganarsa ta ƙare a can, kamar yadda wani ɓangaren tawa ta ƙare. Kada ya miƙa takarda ba tare da an buga masa tambari a kwafinsa ba, kada ya biya kuɗi babu rasit, kuma duk alkawarin da aka yi masa da baki ya nemi a rubuta. Ƙaramar ƙara irin wannan ba ta buƙatar lauya, amma in kuɗin yana da yawa ko rance ne mai jingina, neman lauya ya fi, kuma marar hali yana iya tuntuɓar Hukumar Tallafin Shari'a, wadda ke da ofishi a Kumasi. Iyayenmu mata masu sana'a a Kejetia da Alabar, waɗanda da yawansu ba sa karanta Turanci, su ne aka fi samu da irin wannan asusu, don haka 'ya'yansu da suka yi makaranta su zauna da su su duba sitatimen.

Sai kuma maganar lokaci. Dokar ƙayyade wa'adin ƙara ta 1972 ta ba da shekara shida ga ƙarar da ta taso daga yarjejeniya, kuma ana ƙirga kowane cirewa daga ranar da aka yi shi. Wanda aka ci gaba da yanka masa kuɗin kula da asusun ajiya bayan sanarwar Yunin 2021, watanninsa na farko za su fara fita daga hannunsa a tsakiyar 2027, kuma matakan banki da na Babban Banki kaɗai suna iya cin watanni kafin a kai ga rajistar kotu.